Ɗakin Mai Baki Huɗu

Ranar Juma'a, dawowarmu daga masallaci ke nan, ko takalmi ban cire ba, na ji kururuwar Maijidda ta bayan katanga. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na mahaifinta, Alhaji Ashiru, kuma shekara arba'in ina jin muryoyin gidan nan, ban taɓa jin irin wannan ba. Na tarar da ita durƙushe a ƙofar ɗakinsa, hannu biyu a ka. Barkar haihuwa ta je ƙarshen gari, ta dawo ta iske ƙofa a buɗe. Alhaji na kwance rigingine, ƙeyarsa a gindin teburin ƙarfe, jini ya jiƙa yashin ɗakin har ya fara bushewa.

Sunana Sulle. A Tudun Marke, nan yankin Kurugu, Mai Sawu ake ce mini, don in tunkiya ta ɓata ko an fasa rumbu ni ake tasa gaba in bi ƙafa. Ba ni da wani asiri. Ƙasa nake kallo, mutane kuwa sama suke kallo suna surutu.

Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwa. Kafin ka ce me, mutum talatin sun cika tsakar gida, kowa na son ya leƙa.

Na ce, "Duk wanda ya sa ƙafa a ɗakin nan, wallahi shi zan ce ya kashe shi."

Sai ga shi kowa ya ja baya.

Dole in faɗi yadda ɗakin yake. Alhaji ya yi aikin ɗaukar murya a gidan rediyo a birni tun muna samari. Aka tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo da wata na'ura mai juya manyan faifan zare, da akwatunan sifika huɗu, kowanne ya kai ƙugun mutum. Ya kafa ɗaya a kowace kusurwa, ya ajiye kujera ɗaya tal a tsakiya. In ka zauna a kujerar ya kunna, sai ka ji zakara ya yi cara a bayanka, ganga a gabanka, har ka waiwaya kamar wawa. Mu dai mai baki huɗu muke ce mata. Shi kuwa in ya ji sai ya ɓata rai ya ce, "Kwadrafonik sunanta. Ku riƙa kiran abu da sunansa." Ya ƙi sa siminti a ɗakin, wai yana mayar da murya. Yashi ake zubawa, Maijidda ta share shi sumul kowace safiya.

Yashin nan na karanta. Ga jan ƙafar Alhaji da sandarsa, don ɓarin jikinsa ya shanye, ko Juma'a ba ya zuwa. Ga sawun mutum ba takalmi, ya shiga ya zauna a ƙasa ya fita. A kansu kuma ga sawun takalmin roba, irin mai zanen taya da makiyaya ke sawa. Ya shiga da sauƙi, ya fita da nauyi, don na'urar ba ta kan teburi. Sifikun huɗu suna nan a kusurwoyinsu.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Taku biyu daga ƙofa, mai takalmin ya ɗaga ƙafa ya yi dogon taku, ya sauka a kan yatsu. Da zai fita, da kaya a hannu, ya sake yi daidai wurin. Na durƙusa na duba. Babu rami, babu jini, babu ko tsinke. Na karɓi daro biyu wurin Maijidda na kife a kan sawun dogon takun, sannan na sa aka bi gefen bango aka fito da gawa.

* * *

Ban ce uffan a kan takalmin ba, amma sawun ya fita ta ƙofar baya ya miƙe hanyar rafi, wajen rugar Bappa, dattijon Fulanin da ke hayin rafin, kuma an yi ruwa ranar Alhamis, ƙasa a jiƙe take. Ko makaho ya gani. Daman gari a cike yake. Watan da ya wuce shanun Bappa sun shiga shinkafar Bahauddeen, babban ɗan Alhaji, a fadama, shi Bappa kuma ya ce shinkafar ce ta hau kan burtalin da suke bi zuwa ruwa tun kakanni. Ana ta ja har yau.

Muna maƙabarta bayan la'asar, samari suka sulale. Kafin mu dawo sun kamo Nuruddeen ɗan Bappa daga kiwo, sun ɗaure shi da igiyar shanunsa. Kowa ya san shi ne ke kai wa Alhaji madara duk Juma'a da safe. Dagaci ya yi ta maza ya ƙwace shi, ya kulle a siton takin zamani da ke jikin zaurensa. Ya buga wa 'yan sanda waya, amma ruwan Alhamis ya cinye kwalbatin hanyar Ƙaraye, mota ba ta wucewa sai babur, sai an cike ramin. Suka ce ranar Lahadi da rana.

Wani ƙato daga cikin samarin ya ce, "Ran Lahadi toka za su tarar. Da shi da rugar."

Dagaci ya jawo ni gefe, gumi na zuba daga rawaninsa. "Sulle, ba zan iya riƙe su fiye da jibi ba. In shi ne, ka faɗa mini. In ba shi ba ne, ka kawo mini wanda ya yi."

* * *

Na sami Nuruddeen zaune kan buhu, leɓensa a fashe. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, siriri, ba shi da yawan magana. Ya yunƙura zai durƙusa mini, na ce ya zauna.

"Ka je wurin Alhaji yau?"

"Na je, Baba Sulle. Da hantsi. Na kai madara, na zauna kaɗan, na tafi."

"Da takalmi ka shiga?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ɗakin dattijo? Haba, Baba."

Na sa ya miƙo ƙafa. Babban yatsansa na hagu a karkace yake, saniya ta taɓa taka shi. Shi ne sawun da ba takalmi, babu tantama. Na duba takalminsa da samari suka jefo ciki. Zanen iri ɗaya ne, amma nasa ya suɗe a dunduniya, na ɗakin kuwa sabo ne fil.

"Me ke kai ka zama wurinsa? Kai ba sa'ansa ba, ba danginsa ba."

Ya sunkuyar da kai. "Kakana nake zuwa ji. Ya rasu ban san shi ba. Alhaji na da faifai, in ya sa, sai kakana ya yi magana ta bayana, ta hannun dama. Yana tari, yana dariya. Ran farko na tashi na duba bayan akwatin." Ya ɗago kai ya dube ni. "Ni zan kashe mutumin da ya ba ni wannan?"

Na ce masa ya yi haƙuri, jibi zai kwana a gida. Da bakina na faɗa, kuma har yau ina jin kunyar maganar.

* * *

Kafin rana ta faɗi na bi sawun zuwa rafi. Mai shi bai saba da takalmin ba, yana damƙe shi da yatsu. Bai kuma haye zuwa ruga ba. Ya shiga ruwa ya bi shi ƙasa, ya fito ƙarƙashin wani ɓaure, inda babur ya tsaya ya ɗiga baƙin mai. Daga nan taya ta hau burji, kuma a kan burji ni da kowa ɗaya muke.

Na koma wurin zaman makoki. Bahauddeen na kan tabarma yana karɓar gaisuwa, mutum mai jiki, shekara hamsin, idonsa jajir. Na yi masa ta'aziyya, na ce masa wanda ya yi abin nan da babur ya zo.

Ya ce, "Fulanin yanzu ai duk suna da babur, Baba."

"Wa ka san yana son na'urar?"

Ya ɗan yi tunani. "Akwai Mujahid, mai gyaran rediyo a Rogo. Ya sha zuwa da wani ɗan Legas wai su saya, tsoho ya kore su. Ni ban san komai na ɗakin nan ba. Kai shaida ne, rabon da in sa ƙafa a ciki shekara goma sha biyar. Na rantse, kuma ban karya ba."

Gaskiya ne, kowa ya san rantsuwar. Sun yi faɗa a kan gonar fadama, tun ranar a tsakar gida yake gaida ubansa. Ko da aka fito da gawa, a waje ya tsaya.

* * *

Asabar da sassafe na hau acaɓa zuwa Rogo. Da na sani da na fara zama a ƙofar siton nan da sandata, amma ina, zuciyata ta riga ta kama mai gyaran rediyo. Hanya ta ɓaci, muka yi ta zagaye, sai wajen azahar muka isa.

Shagon Mujahid na bayan kasuwa, cike da gawarwakin rediyo da talabijin har rufi. Gajere ne mai tabarau, da ƙarfen narka dalma a hannu. Da na faɗa masa rasuwar sai ya ajiye ƙarfen, ya zauna daɓas, ya yi ta salati.

Ban saurara masa ba. "Jiya da azahar ina kake?"

"A babban masallaci, Baba. Ni ke kula da lasifikar. Tun sha ɗaya ina can har aka watse. Ka tambayi ladan, ka tambayi duk Rogo."

Na tambaya. Mutum huɗu suka rantse mini. Na dawo shagon, na zauna kan wata matacciyar talabijin.

"To ɗan Legas ɗin fa?"

"Ya tafi tun azumi. Kuma shi ba zai ɗauki na'ura ya bar sifiku ba. Masu tara tsoffin kaya gaba ɗaya suke so. Me aka ɗauka daidai?"

"Na'urar, da faifan da ke kanta."

"Sauran faifan da ke cikin kabad fa?"

"Suna nan."

Ya cire tabarau ya goge. "Baba, bari in gaya maka yadda abin yake. Rediyonka baki ɗaya ne. Na samari mai sifika biyu, hagu da dama. Wannan kuwa hanya huɗu aka shimfiɗa a jikin zare ɗaya, kowace hanya da makirfonta, kowace da sifikarta. Shi ne kwadrafonik. Alhaji ya ce mini kalmar haɗin gambiza ce, rabinta daga wani tsohon yaren Turawa mai nufin huɗu, rabinta daga wani mai nufin murya. 'Yan Legas kwad kawai suke cewa. Turawan da suka ƙera ta ma shekara kaɗan suka yi suka watsar, ta yi tsada, ta cika wayoyi. Daga nan har Kano ban san wata mai rai ba sai tasa. In ka sa faifansa a wata na'ura, mutum biyu za ka ji, biyu sun ɓace. Wanda ya haɗa na'ura da faifai ya ɗauke ba sayarwa zai yi ba. So yake kada kowa ya ji."

"Ya ji me?"

"Au, ba ka sani ba? Gobe Lahadi Alhaji ya ce in zo in share wa na'urar kai, don jibi Litinin kwamitin sulhu na hakimi za su zo daga Ƙaraye su saurari faifan nan. Tun shekarar saba'in da takwas ya ɗauka, a gindin marken garinku. Mutum huɗu, makirfo huɗu: dagacin lokacin, liman, mahaifin Alhaji, da mahaifin Bappa. Mahaifin Alhaji ya faɗa da bakinsa cewa ya bar wa shanu hanya ta tsakiyar fadama har abada."

Na ce a ba ni ruwa. Ina sha yana ta zuba, irin na mutumin da baƙin ciki ke sa shi surutu: yadda Alhaji ke shafa wa akwatunan man gyaɗa, yadda ya ɗauki ruwan sama a kan kwano, yadda shi Mujahid ya wuni yana haƙa ɗakin don ya binne waya.

"Wace waya?"

"Ta sifikun baya. Da can a sama take, ta ratsa ɗakin daga bango zuwa bango, an ɗaga ta kan ƙusa kamar taƙi ɗaya daga ƙasa saboda gara da damshi. Da ƙafarsa ta shanye, shekara goma sha ɗaya ke nan, ya ce in sa ta a bututu in binne."

"Daga ƙofa taku nawa?"

Ya lumshe ido. "Biyu."

Na ajiye kofin. Na ce ya rufe shago ya biyo ni.

* * *

Mun iso ana kiran magariba. A bakin gari wani ya ce mini samari sun ɓalle ƙofar sito da rana sun ɗan taɓa Bafulatanin, amma dagaci ya kore su ya sa sabon kwaɗo. Ɗan taɓawa, haka ya ce. Na yarda don ina son in yarda, na wuce wurin Maijidda.

Tana zaune bakin murhu, ba wuta. Bazawara ce, shekara tara tana jinyar ubanta.

"Kina yarinya kina shiga ɗakin nan?"

"Mata ba sa shiga, Baba. Sai da ya kwanta ciwo na fara."

"Wa ke shiga?"

"Yaya Bahauddeen. Shi ke goge akwatunan kullum kafin ya tafi makaranta."

"Wa ya san kwamiti za su zo Litinin?"

"Ba kowa. Alhaji ya ce kada in faɗa." Ta tsaya. "Sai Yaya. Ranar Laraba na ce ya taimaka mini da shinkafa mudu biyu, za mu yi baƙi. Ya ce waɗanne baƙi." Ta dube ni. "Baba Sulle, me ya sa kake tambayata haka?"

Na ce, "Gobe da safe ki share ɗakin kamar kullum. Kada ki taɓa darukan."

Ba ta sake tambaya ba. Na bar ta tana kuka ba sauti, kuma tausayinta ya kusa hana ni abin da zan yi.

* * *

Lahadi da hantsi tsakar gidan Alhaji ta cika maƙil. Samari sun tsaya a baya da gorori, wasu da galan ɗin fetur ko ɓoyewa ba su yi. Dagaci da liman na kan kujeru. Na tsayar da mutum huɗu a gaba: Mujahid, Maijidda, Bappa, da Bahauddeen. Bappa tsoho ne dogo, ya zo shi kaɗai cikin mutanen da ke son ƙona shi, ya jingina da sandarsa bai kalli kowa ba.

Na ce, "Abu kaɗan nake so. Kowa ya shiga, ya taɓa kujerar Alhaji, ya fito. Ku bi tsakanin darukan."

Ƙaton nan ya yi tsaki. "Wasan yara za mu tsaya kallo?"

"In ka gaji ka zo ka fara, ɗan nema. Ubanka ma da ya saci akuya ni na kamo shi."

Aka yi 'yar dariya, ya ja baya.

Mujahid ya shiga ya fito. Maijidda ta shiga ta fito, kanta a ƙasa. Bappa ya cire takalmi, ya yi sallama ga ɗakin da ba kowa, ya taɓa kujera ya fito. Sawunsu ya jeru a yashi, taku daidai da taku.

Bahauddeen ya ce, "Ni na yi rantsuwa."

Liman ya ce, "Wanda ka rantse dominsa ya riga mu gidan gaskiya. Shiga, ka yi kaffara daga baya."

Ya dubi jama'a, ya gyara babbar riga, ya cire takalmi. Ya shiga da ƙarfinsa, kansa a sama, irin na wanda ba abin da ya dame shi. Taku ɗaya. Taku biyu. Sai ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta, ta haye iska, ta sauka can gaba a kan yatsu. Ya taɓa kujera ya juyo. Daidai wurin ya sake ɗagawa.

Na tare ƙofa. "Bahauddeen, me ka tsallake?"

"Ni? Ban tsallake komai ba."

"Waiwaya."

Ya waiwaya. Na shiga ta gefen bango na ɗage darukan. Na karyi karan dawa na auna dogon takun mai takalmin roba, na ɗora a kan nasa. Ko ɗan yatsa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Na kira dagaci da liman suka leƙa.

Na ɗaga murya don na baya su ji. "A nan waya take da can, taƙi ɗaya daga ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da binne ta. Mujahid ya san babu ita, shi ya binne. Maijidda ba ta taɓa ganinta ba. Nuruddeen bai fara zuwa ba sai bayan ta. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru yana tsallake ta kowace safiya, sannan ya daina shiga kafin a cire. Takalmin makiyayi ana sayensa a kowace kasuwa. Wannan takun ba a sayensa."

Bahauddeen ya tsaya yana kallon sawunsa. Na zaci zai musa, na shirya masa maganar baƙin man da babur ɗinsa ke ɗigarwa da ta shinkafa mudu biyu. Sai kawai ya zame ya zauna a yashi.

"Ina shekara bakwai na harɗe da ita," in ji shi, ba ya kallon kowa. "Akwati ɗaya ya faɗo. Da ragowar wayar ya zane ni, har Inna ta suma. Bai tambaya ko na ji ciwo ba, akwatin ya ɗauka yana shafawa. Yanzu kuma zai tara mutane a ɗakin nan ya ba Fulani gonar da nake ciyar da mutum goma sha huɗu da ita. Faifan kawai na zo ɗauka. Na ɗauka yana barci. Ya riƙe mini riga, na fizge. Fizgewa kawai na yi."

Dagaci ya ce, "Takalmin fa? Shi ma fizgewa ce?"

Bahauddeen ya sunkuyar da kai.

Mujahid ya matso. "Ina na'urar? Ina faifan?"

"Suna cikin dam. Na ɗaura musu dutse, sannan na wuce masallaci."

Maijidda ta faɗi. Mata suka yi kanta. Na dubi samarin nan, galan ɗin fetur sun ɓace kamar ba a taɓa kawo su ba, kowa na kallon ƙafarsa. Tir da wannan hali. Ko mutum ɗaya bai buɗe baki ya ce wa Bappa yi haƙuri ba.

Bappa ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗana."

* * *

Ni na karɓi mabuɗin. Muka tafi mu biyu, ni da Bappa, dagaci na biye da mu nesa kaɗan, kuma tun daga yadda yake jan ƙafa na san akwai magana.

Na buɗe sito. Nuruddeen na zaune ya ba ƙofa baya, fuskarsa ga bango. Ƙofar ƙarfe ce, ta yi ƙara sosai, amma bai motsa ba.

Na ce, "Nuruddeen, tashi. An gano mai laifi. Tashi mu tafi gida."

Shiru.

Bappa ya kira shi da Fulatanci, sau biyu, na biyun da ƙarfi. Bai juyo ba sai da hasken ƙofa ya kai bangon da yake kallo. Ya waiwayo a firgice, ya kare kansa da hannu. Fuskarsa ta kumbura. Jini ya gangaro daga kunnen dama ya bushe a wuya, haka ma na hagu.

Dagaci ya ce daga bayana, a hankali, "Da tafin hannu suka yi ta haɗa masa a kunnuwa, biyu biyu. Kafin in iso an daɗe."

Jiya ke nan da rana, ina Rogo zaune kan talabijin ina shan ruwa.

Bappa ya durƙusa gabansa ya kama fuskarsa da hannu biyu, yana yi masa magana, yana maimaitawa. Nuruddeen ya zuba wa bakin ubansa ido. Ya dubi nawa bakin, ya dubi na dagaci. Sannan ya yi magana da ƙarfi fiye da kima, muryar da ban san shi da ita ba.

"Baba, me ya sa kowa ya yi shiru?"